Gargaɗi a Jikin Kwalba: Barasa da Lemon Zaƙi a Kasuwannin Fagge da Sabon Garin Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masana kiwon lafiya da gwamnatoci da masu masana'antu, watau wane abin sha ne ya fi cancantar a rubuta gargaɗi a jikinsa, barasa ko kuwa lemon zaƙi. A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka fara wannan jayayya, kayan biyu duk halal ne a idon doka, kuma a kanti ɗaya ake sayar da su. A Kano ba haka al'amarin yake ba. Saboda haka muka zaɓi Ƙaramar Hukumar Fagge ta zama wurin nazarinmu, domin a cikinta ne Kantin Kwari da kasuwar Singa da unguwar Sabon Gari suke, kuma da ƙafa mutum zai iya zaga su duka a yini guda.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne cewa amfanin gargaɗi yana rataye ne da abin da mai saye bai sani ba. Idan aka auna da wannan ma'auni, za a ga cewa a Kano lemon zaƙi ya fi barasa bukatar gargaɗi, ko da yake barasa ta fi shi illa. Za mu fara da tarihin wurin, sa'an nan mu bayyana illar kowanne, mu kawo abin da aka gwada a wasu ƙasashe da kuma Nijeriya, daga ƙarshe mu faɗi irin gargaɗin da ya dace da mai saye na Kwari.

2.0 Wurin Nazari

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, kuma a wajajen 1913 Turawan mulki suka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. A kudancin Fagge kuwa aka zaunar da fataken Labanon da Siriya, waɗanda mutanen Kano ke kira Kwarori, suka gina kantunan yadi. Waɗannan kantuna ne suka bunƙasa suka zama Kantin Kwari, kasuwar atamfa da shadda da leshi da yadi wadda fatake ke zuwa mata daga Nijar da Cadi da Kamaru da sauran ƙasashe. Daura da ita akwai Singa, inda ake sarin kayan masarufi, ciki har da sukari da garin lemo da lemon roba da na gwangwani.

Tun farkon mulkin mallaka aka bambanta waɗannan unguwanni ta fuskar barasa. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Arewacin Nijeriya ya faɗa cikin wannan hani. Dokar barasa ta 1917 ta kasa Nijeriya zuwa yankin da aka hana, da wanda aka ƙayyade, da wanda ake ba da lasin. Kundin dokokin Jihar Arewa da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha barasa ba don magani ba. Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, sa'an nan a 2004 ta yi wa Final Kod gyara ta hana yin barasa da safararta da sayar da ita a faɗin jihar. Hisba ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a a watan Nuwamba na 2013, ta kuma farfasa kusan miliyan huɗu a watan Fabrairu na 2022. Duk da haka mashaya ba su ƙare a Sabon Gari ba, kuma yawan kwalaben da ake kamawa shi kansa shaida ne cewa akwai masu saye.

Lemon kwalba kuwa ta ƙofar gaba ya shigo, babu wanda ya tare shi. An kafa kamfanin Nigerian Bottling Company mai yin Coca-Cola da Fanta a 1951, kamfanin Seven-Up ya fara aiki a 1960, kuma dukansu biyu sun kafa masana'antu a Kano. A 1976 kamfanin giya na Nigerian Breweries ya fito da Maltina, abin sha mai zaƙi marar sa maye, wanda ya sami karɓuwa ƙwarai a Arewa. Sannu a hankali lemo ya zama abin karrama baƙo. Da shi ake tarbar babban mai sari a shagon Kwari, shi ake rabawa a walima da suna da ɗaurin aure, shi ake kai wa majinyaci a asibiti, kuma da wuya a ga buɗa-baki a kasuwa babu shi. Yaran shago da 'yan dako masu ɗaukar dila cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan kai 40, sukan kashe ƙishirwa da shi sau biyu ko uku a yini.

3.0 Illar Kowanne ga Jiki

3.1 Barasa

Idan barasa ta shiga jiki, hanta ce ke sarrafa ta, tana juya ta zuwa wani sinadari mai suna asitaldihaid, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, rukuni ɗaya da taba. Daga cikin wuraren da take haddasa wa sankara akwai baki da maƙogwaro da maƙoshi da hanta da babban hanji da mama. Kazalika tana ƙeƙasar da hanta, tana ta da hawan jini, tana kuma nakasa ɗan tayi idan mai ciki ta sha. A rahotonta na 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. A farkon 2023 ma ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya.

Akwai wani dalili da ya ƙara wa wannan batu nauyi a Nijeriya. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma da yawansu ba su san suna da ita ba. Hantar da wannan ƙwaya ta riga ta raunana ba ta jure barasa kamar lafiyayyiya. Daɗin daɗawa, illar barasa takan wuce mai sha ta shafi wani, kamar fasinjan da direbansa ya sha, ko matar da mijinta ya dawo gida a buge.

3.2 Lemon Zaƙi

Sukari abinci ne, jiki yana amfani da shi, kuma kaɗan daga cikinsa ba ya cutar da mai lafiya. Matsalar tana ga yawa da kuma yadda ake shansa. Sukarin da aka narkar a ruwa yana shiga jini da sauri, ya tilasta wa jiki fitar da sinadarin insulin mai yawa. Bugu da ƙari ba ya ƙosarwa, watau wanda ya sha roba ɗaya ta lemo zai ci tuwonsa ko shinkafarsa kamar bai sha kome ba. Idan aka daɗe a kan haka sai ƙiba ta biyo baya, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da ruɓewar haƙori.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ga matsakaicin baligi wannan ya kama kimanin giram 50, watau cokalin shayi 12, kuma hukumar ta ce in an rage zuwa giram 25 ya fi. To, lemon kola na yau da kullum yana ɗauke da sukari fiye da giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan roba ɗaya mai rabin lita ta haura giram 50, ta cinye rabon yini gaba ɗaya kafin a zo ga shayin safe ko kokon da aka zuba wa sukari. In aka lissafa da ƙwayar sukari irin ta kwali, abin ya kai kimanin ƙwaya goma. Babu mai shayin da zai zuba wa mutum ƙwaya goma a kofi ɗaya ba tare da an yi magana ba, amma a cikin roba ana shanye su babu wanda ya ƙirga.

Wani bincike da aka buga a mujallar Nature Medicine a watan Janairu na 2025 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2020 lemon zaƙi ne sanadin sababbin masu ciwon sukari miliyan 2.2 da masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini miliyan 1.2 a duniya. A Afirka kudu da Sahara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na sababbin masu ciwon sukari an danganta su da shi. A gida kuma, Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, suka buga a 2018 cewa kimanin kashi 5.8 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna da ciwon sukari. Ciwo ne mai cin dukiya, domin ana shan maganinsa har ƙarshen rai, kuma in an yi sakaci yakan kai ga makanta ko yanke ƙafa ko wankin ƙoda.

4.0 Abin da Aka Gwada a Wasu Ƙasashe

Amurka ta yi dokar gargaɗi a jikin barasa a 1988, aka fara aiki da ita a 1989. Rubutun yana magana a kan mai ciki da tuƙi, amma ƙanana ne haruffansa, kuma yawanci a bayan kwalba yake. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mutane sun san da shi, amma bai sauya yadda suke sha sosai ba. A watan Janairu na 2025 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya nemi a ƙara maganar sankara, saboda fiye da rabin Amurkawa ba su san akwai dangantaka tsakanin barasa da sankara ba. A yankin Yukon na Kanada an gwada manna manyan takardu masu launi a gaban kwalabe a 2017. An dakatar da gwajin na ɗan lokaci bayan masu masana'antu sun matsa, aka kuma cire maganar sankara, amma duk da haka cinikin barasa ya ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Ƙasar Ayilan ta yi doka a 2018, ta sa hannu a ƙa'idojin gargaɗin sankara da ciwon hanta a 2023 da niyyar fara aiki a 2026, sai dai a 2025 ta ɗage zuwa 2028.

Ta ɓangaren sukari, ƙasar Cile ta Kudancin Amurka ce ta yi fice. Daga watan Yuni na 2016 ta wajabta buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk abincin da sukarinsa ko gishirinsa ko kitsensa ya wuce ƙa'ida, ta hana sayar da irinsa a makarantu da tallata shi ga yara. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna sayen abin sha mai wannan tambari ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari. Meziko ta sa haraji a 2014, ta bi sawun Cile da tambari a 2020. Ingila da Afirka ta Kudu sun sa haraji a 2018, kuma a Ingila kamfanoni da yawa sun rage sukarin lemonsu don su tsere wa harajin. A birnin San Faransisko na Amurka kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da dokar gargaɗi a kan tallan lemo a 2019, bayan kamfanoni sun kai ƙara.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne cewa gargaɗi yakan yi tasiri idan yana gaban kwalba, yana da girma, ana gane shi da kallo ɗaya, kuma yana faɗar abin da mai saye bai riga ya sani ba. Ƙaramin rubutu a bayan kwalba yakan kare kamfani a kotu fiye da yadda yake kare mai sha.

5.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya

Gargaɗin lafiya na farko da 'yan Nijeriya suka saba da shi na taba ne. Dokar soja mai lamba 20 ta 1990 ta wajabta shi, dokar 2015 ta ƙarfafa shi, kuma daga 2021 aka fara buga hotunan illar taba a rabin fuskar kwali. Rubutun abinci da abin sha kuwa yana hannun Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Abin lura a nan shi ne cewa wannan hurumin Gwamnatin Tarayya ne, kuma Turanci ne harshen da ƙa'idojin hukumar suka wajabta.

Abin da aka fi gani a jikin kwalaben barasa shi ne adadin ƙarfinta, da alamar shekara 18, da 'yar jimlar Turanci mai cewa a sha da hankali. Babban matakin da aka ɗauka ya shafi mazubi ne. A watan Disamba na 2018 hukumomi da masu masana'antu suka amince a daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba cikin shekara biyar, saboda arharsu da sauƙin ɓoye su a aljihun yaro ko direba. NAFDAC ta fara aiwatar da hanin a watan Fabrairu na 2024, amma masu masana'antu da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi zanga-zanga da hujjar asarar aiki, har aka ƙara wa'adi.

A kan lemo kuwa, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kowace lita, aka fara karɓa a 2022. Wannan ya kama naira 5 a kan roba mai rabin lita, kuma tsadar kaya da ta biyo bayan 2023 ta sa harajin ya zama abin da mai saye ba ya ji, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari.

Akwai kuma shari'ar da ta kai maganar gargaɗin lemo gaban alƙali. A 2007 kamfanin Fijabi Adebo Holdings ya kai Fanta da Sprite da aka yi a Nijeriya zuwa Ingila, hukumomin can suka kama kayan saboda sinadarin benzowik mai hana lemo lalacewa ya wuce ƙa'idarsu. A 2017 Mai Shari'a Adedayo Oyebanji ta Babbar Kotun Jihar Legas ta umarci NAFDAC ta sa a rubuta a jikin kwalaben cewa kada a sha su tare da bitamin C. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amsa cewa lemon bai saɓa wa ƙa'idar Nijeriya ba, kamfanin lemon kuma ya ɗaukaka ƙara. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne cewa ƙasar ta yi makonni tana muhawara a kan sinadarin da ake aunawa da miligiram, amma sukarin da ke cikin kwalba ɗaya, wanda ya ninka shi sau ɗaruruwa, bai shiga maganar ba.

6.0 Hujjojin Ɓangarori Biyu

Masu cewa barasa ce ta cancanci gargaɗi suna da hujjoji masu ƙarfi. Tana haddasa sankara, tana kama mutum har ya kasa bari, tana cutar da wanda bai sha ba, kuma ba ta da adadin da za a ce lafiya lau ne. Suna ƙarawa da cewa idan aka daidaita ta da lemo, to an rage mata muni, kuma idan kowane kaya a kanti yana ɗauke da gargaɗi, ido zai saba ya daina gani. Masu masana'antu su kuma suna cewa sukari yana cikin shayi da burodi da alewa da cincin, don me za a ware lemo shi kaɗai a ɗora masa laifi, alhali dubban mutane suna cin abinci ta hanyarsa, tun daga direban tirela har zuwa yaro mai tallan lemo da ƙanƙara a bokiti.

Ba mu musanta cewa barasa ta fi lemo illa ba. Amma wannan yana amsa tambayar wanne ya fi muni ne, alhali tambayar gargaɗi ita ce wanne ne illarsa ta fi ɓoyuwa. Yaron da ya tashi a Fagge ya ji haramcin giya a makarantar allo da Islamiyya da huɗubar Juma'a, ya ga Hisba tana farfasa kwalabe, ya san cewa a kira mutum mashayi zagi ne da zai iya hana shi aure. Babu takardar da za a manna a kwalba ta kai wannan nauyi. Lemo kuwa duk abin da yaron ya ji game da shi yabo ne: halal ne, tsaftatacce ne, na masu hali ne, kuma shi ake ba marar lafiya don ya ji ƙarfi. Yara ma su ne manyan masu shansa. Maganar cewa akwai sukari a wasu abubuwa gaskiya ce, sai dai mai shan shayi yana ganin abin da aka zuba masa, yana iya cewa a rage, mai shan lemo kuwa ba shi da wannan dama.

Wannan ba ya nufin barasa ba ta bukatar kome. Akwai giɓi biyu. Na farko, gargaɗin da jama'ar Kano suka sani na addini da mutunci ne. Mazaunin Sabon Gari wanda addininsa bai hana shi sha ba, da Musulmin da ke sha a ɓoye, dukansu ba lalle ne su san maganar sankara da hanta ba, kuma mai sha a ɓoye ba zai tambayi likita ba. Na biyu, akwai haɗe-haɗen sassaƙe masu ɗaci da ake sayarwa a ƙananan kwalabe da sunan maganin basir ko ciwon baya ko ƙarin ƙarfi, waɗanda wasunsu da barasa aka jiƙa su. Ga mai saye Musulmi, rubutu bayyananne da Hausa cewa akwai barasa a ciki ya fi kowane gargaɗi amfani.

7.0 Iyakar Gargaɗi

Gargaɗi yana bukatar mazubin da za a rubuta shi a kai, kuma kaso mai yawa na abin da ake sha a waɗannan kasuwanni ba shi da shi. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da lamurje da lemon ƙulli a gida ake haɗa su, a ɗura a tsofaffin robobi ko a ƙulla a leda, kuma mai haɗawa ce kaɗai ta san mudun sukarin da ta zuba. Haka burkutu da ogogoro suke ta ɗaya ɓangaren.

Kano ta ga haɗarin wannan a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitoci suna amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon haɗi. Kwamishinan lafiya na jihar ya sanar daga baya cewa mutum goma sun rasu. Binciken NAFDAC ya gano garin lemo da ya wuce wa'adi, da kuma wani sinadarin masana'antu mai suna haidiroksilamin da aka sayar a matsayin ɗan tsami.  Wannan ya nuna cewa a kasuwar da ake fasa buhu a sayar da awo, rubutu yakan tsaya a shagon mai sari. Akwai ma abin tsoro cewa idan haraji ya tsadar da lemon kamfani ba tare da an wayar da kai ba, talaka zai koma na ƙulli wanda zaƙinsa bai gaza ba, kuma babu mai duba shi.

8.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, muna ganin abubuwa huɗu sun dace. Na ɗaya, a buga wa lemon kamfani tambari a gaba mai nuna adadin sukarinsa da hoton cokula ko ƙwayoyi, domin wanda bai yi karatun boko ba ma yana ƙirga, kuma gani ya kori ji. Tambarin ya faɗi abin da ke cikin roba gaba ɗaya, tun da ba mai shan mililita 100 ya rufe sauran. Na biyu, a musanya jimlar nan ta a sha da hankali da bayanin sankara da ciwon hanta da illa ga mai ciki, a kuma wajabta bayyana barasa a jikin duk maganin da ke ɗauke da ita. Na uku, rubutun ya zo da Hausa, boko da ajami, a kan kayan da ake kawowa Arewa. Takardun naira 200 da 500 da 1000 suna ɗauke da ajami, kuma kamfanonin lemo da kansu da Hausa suke talla a gidajen rediyon Kano, saboda haka harshen da ya isa kiran mai saye ya isa gargaɗinsa. Na huɗu, abin da ba shi da mazubi a bi shi da baki, ta hanyar rediyo da shugabannin kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari da malamai da limaman coci. Malamai suna da madogara a kan haka, domin aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana ɓarna a ci da sha. Abu uku na farko aikin Tarayya ne, sai 'yan majalisar Kano sun kai maganar Abuja. Na huɗu kuwa jiha da ƙaramar hukuma za su iya fara shi ba tare da jiran kowa ba.

9.0 Kammalawa

Mun nuna cewa muhawarar gargaɗi tana sauya kama idan aka kawo ta Fagge. Barasa ta fi illa, amma addini da doka da al'ada sun riga sun kewaye ta da gargaɗi, abin da ya rage mata shi ne bayanin lafiya da kuma fallasa ta inda ta ɓuya cikin magani. Lemon zaƙi illarsa a hankali take zuwa, ta fi shafar yara da matasa, kuma har yanzu ba a sanar da mai saye adadin sukarin da yake sha ta hanyar da zai gane ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai an yi maganar da harshen da kunnen yake ji. Muna fatan masana harshe da likitoci za su haɗa kai su tsara kalmomin wannan gargaɗi, su gwada su a kan 'yan kasuwa da 'yan dako da masu talla na Kwari, su ga waɗanda ake ganewa da kallo ɗaya, kafin a miƙa su ga hukuma.